Agogon Zafin Hayaƙi a Motar Gas Mai Turbo

Duk direban da ka tambaya ko injinsa na zafi, agogon ruwa zai leƙa. In allura na tsakiya, sai ya ce maka lafiya lau. Ga ƙaramar motar fetur da ba ta ɗaukar kaya, wannan amsa ta wadatar. Amma ga a-kori-kura mai shan gas, wadda ke da turbo kuma ake danƙara mata buhuna, agogon ruwa sau da yawa ihu ne bayan hari. Ruwan lagireto kan ɗauki mintuna kafin ya nuna abin da ke faruwa a cikin injin, fistin kuwa cikin daƙiƙoƙi yake shan wuta. Abin da ke kawo labarinsa da wuri shi ne zafin hayaƙin da ke fita, shi ya sa na sa wa Hilux ɗina agogon da ke auna shi.

Motar ba ta kwalliya ba ce. Ranar Lahadi tana kasuwar Ɗanbatta, sauran ranaku tana bin ƙauyuka tana kwaso gero da dawa da wake da gyaɗa, wani lodin a sauke a gari, wani a wuce da shi Dawanau, wani a nufi Kazaure da Daura. Agogon ma sai da aka yi mini odarsa, don da na zaga Ƙofar Ruwa a Kano yawancin masu shago na ruwa suke miƙo mini. Da bakanikena ya gan shi dariya ya yi. "Alhaji, ai wannan na masu hawan dutse ne. Mu nan ƙasa a shimfiɗe take, ba Jos ba ce." Maganarsa na da hujja, sai dai hawa ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke dafa injin gas. Sauran duk muna da su a nan: lodi, ƙura, rairayi, da zafin Afrilu da kan haura digiri 40.

Kayan kashi biyu ne, agogon da ake kafawa a gaban direba da wani tsinken ƙarfe da ake sokawa a hanyar hayaƙi. A cikin tsinken akwai wayoyi biyu na ƙarafa daban-daban da aka haɗe bakinsu. In mahaɗar ta ji zafi sai ta haifar da 'yar wutar lantarki ƙalilan, agogo ya karanta ta ya mayar lamba. Wani masanin Jamus, Thomas Seebeck, ya gano wannan tun 1821. Tsinken da aka fi sa wa motoci, mai lamba K, yana jure zafin da ya wuce digiri 1,000.

Gardama ta taso ne a kan inda za a huda. Mai walda ya ce a yi a bututun salansa, bayan turbo, don nan ne da sauƙi, ƙarfen ba kauri. Matsalar ita ce turbo da zafin hayaƙin yake aiki, kafin hayaƙi ya fito ta bayansa ya riga ya huce da digiri 100 zuwa 150, in mota na ja da ƙarfi ma fiye da haka. Kana ganin 550, alhali a bakin injin an kai 700. Na ce a huda manifol, inda hayaƙin silinda huɗun ke haɗuwa kafin ya shiga turbo.

Nan ake son haƙuri. Manifol ƙarfen zubi ne, in ana huda shi gari yake zubarwa da 'yan ɓarɓashi, kuma duk abin da ya faɗa ciki fukafukan turbo zai tarar, masu juyawa sama da sau 100,000 a minti. Akwai masu hudawa a jikin mota su ce giris zai kama ɓarɓashin. Mu kwancewa muka yi. Bakaniken ya ɗora shi a kan benci, ya fara da siririn ƙarfen huda sannan ya bi da babba, ya yanka zaren da notin zai kama yana juyawa gaba yana komawa baya. Da ya gama ya shimfiɗa farin kwali, ya kifa manifol ɗin ya ƙwanƙwasa da ƙotar guduma. Garin ƙarfen da ya zubo ya isa cika murfin kwalba. Ya dube ni bai ce komai ba, ya wanke da fetur, ya zura maganaɗisu, ya hura da iska, sannan aka mayar da sabon gaskit. Bakin tsinken an tsayar da shi a tsakiyar hanyar hayaƙi, bai taɓa bango ba.

Rewaya kuma ya so ya datse wayar tsinken don ta yi tsawo. Ba a datse ta, ba a kuma ƙara ta da wayar tagulla ta gida, don ita ma da irin ƙarafan tsinken aka yi ta, in aka sauya lissafi ya karkace. Naɗe ta aka yi aka ɗaure nesa da salansa. Wutar agogon an ɗauko ta daga layin da ke kawowa in an murɗa makulli, aka sa mata fis.

Daga nan darasi ya fara. In motar na silo, agogon yakan tsaya wajen 150. Ba kaya a kan kwalta, 300 zuwa 400. Ranar da muka cika ta da gero muka hau titin Kano, direbana ya yi abin da ya saba: ya jefa giya ta biyar tun mota ba ta ɗau gudu ba, ya danne totur. Lamba ta fara tafiya, 550, 600, ta haye 650, allurar ruwa ko motsi ba ta yi ba. Na ce ya dawo ta huɗu. Injin ya ɗaga murya, gudun bai ragu ba, lambar kuwa ta sauko da kusan 100 kafin mu wuce gari na gaba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Injin gas yana zafi ne in mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan. A babbar giya injin na juyawa a hankali, turbo bai samu ƙarfin tura iska ba, ƙafa kuma na ta zuba mai. Baƙin hayaƙin da muke gani muna cewa mota na da ƙarfi, kuɗi ne ke ƙonewa rabi da rabi. Wannan ɗabi'a ta saurin shiga biyar ta ƙaru tun 2022, lokacin da farashin gas ya ninka fiye da sau biyu, kowa na neman tsimi. Tsimin da ake yi a tanki a gareji ake biyansa. Fistin da alminiyam ake yinsa, alminiyam kuwa a digiri 660 yake narkewa. Ba wai da hayaƙi ya kai nan fistin zai zube ba, baƙin mai da ruwa na sanyaya shi, amma in aka daɗe a sama da 650 zuwa 700 yau da gobe, sai ya tsage, ko bawul ya ƙone, ko turbo ya tafi.

Da hunturu ya shigo na ga wani amfanin. Hanya ɗaya, lodi ɗaya, amma lambar na ƙaruwa mako bayan mako. Muka buɗe filtar iska muka tarar ƙura ta toshe ta. Tun daga nan na daina bari ana hura ta da iskar mai faci, don ƙarfin iskar na yaga takardar, sabuwa nake sawa. Wani karon tiyon da ke kai iska daga turbo ne ya saki kilif, agogon ya nuna kafin kunne ya ji. Nozul da gurɓataccen gas ya lalata shi ma ta nan ake fara ganinsa.

Sai kashe mota. In an sha doguwar tafiya aka murɗe makulli nan take, baƙin man da ke cikin turbo yakan tsaya cak a wuri mai tsananin zafi, ya ƙone ya zama gawayi a kan beyarin. Yanzu in mun isa kasuwa sai mu bar ta a silo har lamba ta sauka ƙasa da 200. Direbana da farko haushi abin ke ba shi. "Maigida, ɗan sanda ka ajiye mini a gaban sitiyari." Yau shi ne ke riga ni dubawa.

Mai motar fetur, ko mai tsohon injin gas marar turbo da ba ya shan lodi, ya riƙe kuɗinsa. Amma in taka mai turbo ce kuma buhuna take ci, ka sa. In ka je sawa, ka tsaya a kan bakanike ka ga inda ya huda, gaban turbo ko bayansa, don iyakar ba ɗaya ba ce. Ka kuma duba fuskar agogon da kyau: na Amurka da yawa da ma'aunin Faranhait suke zuwa, 1,200 a jikinsu shi ne kusan 650 a namu na Salshiyas.