Rumbu Biyu, Wuta Ɗaya

Tun ina yaro a Danchadi nake mamakin wata ɗabi'a ta kakana. Rumbunsa biyu ne, amma bai taɓa yarda su kusanci juna ba. Ɗaya yana cikin gida kusa da turaka, ɗayan kuwa yana can bayan danga, inda sai mutum ya zagaya kafin ya ɗebo dami guda. Mu yara da ake aika mu ɗibar gero mun sha yin gunaguni, muna cewa tsoho ya cika son wahalar da mutane. Shi kuwa ba ya tanka mana. Sai da na girma, na shiga jami'a, na yi wa kaina abin kunya a gaban wata na'ura, sa'an nan na gane abin da tsohon nan yake nufi. Labarin ke nan da nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai, domin masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kowa ya tuna yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai a Oktoba. Da zama ya ishe ni, sai wani kawuna ya haɗa ni da wani injiniya mai kula da kwamfutocin wani ofishi a Sakkwato, in riƙa bin sa ina koyon aiki. Malam nake ce masa. A cikin ayyukan ofishin nan har da lissafin albashin ma'aikata, kuma dukkan wannan lissafi yana cikin wani baƙin akwatin ƙarfe da aka kulle a ɗaki guda.

Bari in ɗan kwatanta wannan akwati, domin wanda bai taɓa ganinsa ba. Sunansa PowerEdge M1000e, ƙirar kamfanin Dell na Amurka, wanda ya fito da irinsa a 2008. Shi kansa akwatin ba kwamfuta ba ne, gida ne na kwamfutoci. A gabansa akwai gurbi 16, kowane gurbi ana zura masa sabar siririya kamar yadda almajiri yake jingine allonsa. Sabobin nan ba su da na'urar wuta tasu, ba su da fanka tasu. Komai na tarayya ne: a bayan akwatin akwai na'urorin ba da wuta 6, da fankoki 9, da gurabe 6 na na'urorin sadarwa. Sa'an nan akwai maigidan, watau wata 'yar na'ura da ake kira CMC, wadda take raba wa kowace sabar wutar da za ta ci, tana auna zafi, tana kuma rubuta duk abin da ya faru. Ta kanta ne injiniya yake shiga ya ba da umarni.

A cikin umarnin da ake ba ta, babu mai muhimmanci kamar tsarin wuta. Zaɓi uku ne. Ko dai a ce mata babu ajiya, kowace na'ura ta yi aiki, in ɗaya ta mutu a yi haƙuri. Ko a ce ta ware ƙarfin na'ura guda a matsayin ajiya. Ko kuwa a ce mata layin wuta biyu ne: na'ura ta 1 zuwa ta 3 suna sha daga layi ɗaya, ta 4 zuwa ta 6 daga wani layin dabam, yadda in layi guda ya mutu ɗungurungum, ɗayan zai ɗauki kayan duka. Namu kowace tana ba da wat 2700, watau kowane ɓangare wat 8100 ke nan, kuma a wannan tsari na uku CMC ba ta yarda sabobi su ci fiye da abin da ɓangare guda zai iya ɗauka. Har ila yau ana ba kowace sabar daraja, daga 1 zuwa 9. In wuta ta yi ƙaranci, masu ƙaramar daraja ake fara rage wa, kamar dai yadda ake yi a gida in hatsi ya ja baya.

To, a watan Afrilu, ana cikin azumi, na'urar sanyaya ɗakin ta lalace. Wanda ya san Sakkwato a Afrilu ya san rana takan haura digiri 40, akwatin nan kuwa ba a so iskar da yake shaƙa ta wuce digiri 35. Sai aka yanke shawarar a mai da shi wani ɗakin. Muka ɗauke shi ranar Asabar, mu da leburori. Kafin mu gama aka bugo wa Malam waya cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Ya ce mini, "Ka ga yadda yake a can. Ka haɗa shi haka nan, ka tabbata tsarin layi biyu ne." Na ce, "An gama, Malam." Wallahi har wani daɗi na ji, ga ni ni kaɗai da makulli.

A sabon ɗakin an kawo UPS biyu, watau akwatunan batir masu riƙe wuta kafin janareta ya tashi, kowanne da jerin soket ɗinsa. Jerin hagu yana kusa da hannu. Na dama kuwa ya shige bayan kabad, sai mutum ya durƙusa ya miƙa hannu cikin ƙura. Ga ƙishirwa, ga la'asar ta gabato. Na dubi jerin hagu, na ga yana da gurbi har 8, ni kuwa waya 6 gare ni. Sai na jera su duka a nan, na ɗaure su tsaf gwanin sha'awa. Na buɗe laftop na shiga CMC, na zaɓi tsarin layi biyu kamar yadda aka umarce ni. Allon ya nuna kore, ya ce akwai ajiya. Na kulle ɗaki na tafi shan ruwa ina jin kaina injiniya.

Abin da ban yi tunani a kansa ba shi ne, na'urar ba ta da ido a bayanta. Ta ga wuta tana shigowa ta ƙofa shida, ta gaskata abin da na faɗa mata. Ba ta da hanyar sanin cewa duk daga tulu ɗaya ake zuba mata.

Kwana biyar lafiya lau. Ranar Alhamis, 28 ga Afrilu, ana tsakiyar haɗa albashi, domin Juma'a ce ranar aiki ta ƙarshe kafin Salla, sai wuta ta ɗauke bayan azahar. Wannan ba baƙon abu ba ne, maigadi ya nufi janareta. Amma baturan UPS na hagu sun riga sun sha zafi, su kuwa irin waɗannan batura don wajen digiri 25 aka yi su, zafi yana cinye rayuwarsu. Da kayan duka suka faɗo a kansu, ko minti guda ba su yi ba. Ina tsaye na ji ƙugin fankoki tara ya yanke tsit. UPS na dama kuwa yana nan da fitilarsa kore, cike da caji, ba abin da aka jona masa.

Da janareta ya tashi, akwatin ya farka, amma na kasa shiga CMC. Yanzu na san cewa na'urar sadarwar ofishin ce ba ta gama farkawa ba, da na yi haƙurin minti uku da shi ke nan. Amma mai tsoro ba ya ƙirga minti. Na leƙa baya na ga CMC tana da ƙofar waya biyu, ɗaya an rubuta GB, ɗaya STK, ta biyun babu komai a ciki. Na ce a raina, ai waya biyu ta fi ɗaya. Na jawo kebul na jona ta ga na'urar sadarwar ofis. Ashe ƙofar STK an yi ta ne domin a sarƙa akwati da wani akwatin ɗan'uwansa. In aka jona su biyun a hanya ɗaya, sai saƙonni su dinga zagaye suna ninkuwa har su toshe hanyar. Kafin in miƙe tsaye, duk kwamfutocin ofis sun daskare. Inda ake bukatar biyu na yi ɗaya, inda ake bukatar ɗaya na yi biyu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Na fito baranda ina gumi, sai maigadi ya tare ni. Dattijo ne, yana da 'ya'ya mata huɗu, kuma na san tela yana riƙe da ɗinkinsu. Ya ce, "Ɗan samari, kuɗin nan dai za su fito kafin Salla ko?" Ban iya dubansa ba. A nan ne na fara sanin cewa abin da ke cikin baƙin akwatin nan ba lambobi ba ne kawai.

Malam ya iso wajen la'asar. Bai ce uffan ba. Ya zagaya baya, ya zare kebul guda, ofis ya dawo. Sa'an nan ya bi wayoyin wuta da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa bango. Shugaban sashe yana tsaye a ƙofa yana tambayar me ya faru. Ga hanyar tsira a buɗe: an ɗauke wuta, batir ya mutu, kuma duk gaskiya ne. Malam ya dube ni ya yi shiru. Ina da azumi a baki. Na ce, "Yallaɓai, ni ne na jona su duka a layi ɗaya." Shugaban ya yi faɗa, ya ce a karɓe makulli daga hannuna, aka kuwa karɓe.

A ɗakin nan muka sha ruwa, a nan muka yi sahur. Ma'ajiyar bayanai ta ji ciwo saboda yankewar wuta, sai da Malam ya dawo da ajiyar daren jiya, ma'aikatan lissafi suka sake shigar da aikin rabin yini. Ni kuma ya sa ni na durƙusa cikin ƙurar nan da na guda, na mai da waya uku layin dama, na manna wa kowace takarda mai lamba. Ya ba sabar albashi daraja ta 1, saura ya sauke su ƙasa. Ya ga kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita daga kamfani ce har yanzu a kai, wadda duk mai littafin na'urar ya sani, ya canza ta. Ya ba CMC lambar IP tsayayya, ya ware mata hanyarta dabam da ta ma'aikata. Da asuba ta yi, bayan an adana komai, sai ya ce, "Kashe layin hagu." Na ce, "Malam, da gangan?" Ya ce, "Ajiyar da ba ka gwada ba, zato ce." Hannuna yana rawa na kashe. Fankoki suka ci gaba da ƙugi. Ranar Juma'a da hantsi aka aika wa banki takardun albashi.

Ranar Lahadi na shiga mota zuwa Boɗinga, na hau babur na ƙarasa gida, aka yi Salla Litinin 2 ga Mayu. Da dare na ba kakana labari, ina ta fama in fassara masa sabar da UPS. Ya bari na gama, ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, wanga abu har sai an kai ka jami'a? In gobara ta tashi, ba ta tambayar rumbu nawa gare ka. Inda ka aje su taka dubi." Sa'an nan ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba, cewa yana saurayi wuta ta cinye wa mahaifinsa rumbu uku a dare ɗaya cikin hunturu, domin a jere suke, suka ci bashin hatsi har kaka ta zagayo.

'Yan'uwana ɗalibai, musamman masu karatun kimiyya, a aji ana koya mana abin da za mu danna a allo, kuma yana da kyau mu iya. Amma allo yana maimaita abin da aka faɗa masa ne. Sai mutum ya zagaya baya, ya durƙusa, ya bi waya da hannunsa har inda ta fito. Malam ya mayar mini da makulli bayan wata biyu. Na zo gida hutun nan na tarar ƙannena suna gunagunin zagayawa bayan danga, ni ma ban tanka musu ba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.