Hangen Dala da Saukar Kufena

A unguwar Glass da ke Libreville, inda na yi shekara 16 ina kasuwanci, ido ya fi sabawa da ruwa. Da safe mutum ya ga faɗin kogin Komo inda yake haɗuwa da teku, da yamma ya ga rana ta faɗa can bayansa. Wurin da 'ya'yana suka sani mai sunan dutse shi ne Mont-Bouët, shi kuwa kasuwa ce. Saboda haka ran da ɗana na fari, haifaffen nan, ya ji na ce wa wani abokin ciniki hangen Dala ba shiga birni ba, sai ya tambaye ni ko Dala sunan mutum ne. Na yi dariya, amma tambayar ta kwana a raina. Na yi masa alkawari in mun je gida zai hau dutse da ƙafarsa.

Muka isa Kano a watan Agusta, lokacin hutun makarantu. A Libreville wannan wata rani ne, a ƙasar Hausa kuwa tsakiyar damina ce, kuma ban sa wannan a lissafi ba. Bayan gaishe-gaishe da ziyarar dangi, kwana huɗu kacal suka rage mana, sai na zauna da yayana muna zaɓe. Raina ya fi karkata ga tsaunukan Shere na gabashin Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,829, amma zuwa da dawowa kaɗai za su cinye kwana biyu. Na ambaci Kwatarkwashi da ke kan hanyar Gusau, yayana ya girgiza kai saboda halin tsaro. Aka tsaya a kan biyu: Dala, sannan Kufena ta Zariya.

Dala ba ta ba mu wahala ba, domin akwai matakala har sama. Yaron ya tsaya yana kallon rufin gidajen birni da Goron Dutse daga yamma, ni kuma ina ba shi labarin Barbushe da Tsumburbura, da maƙeran farko da suka narka tama a gindin dutsen. A nan na rarrabe masa kalmomin da yake haɗawa wuri guda. Tudu ƙasa ce da ta ɗan tasa, ana hawanta ba a sani ba. Tsauni ya fi tudu tsayi da girma. Fā kuwa, da dogon wasali, shimfiɗaɗɗen dutse ne irin wanda mata ke shanya hatsi a kai. Ya maimaita su, sa'an nan ya ce, "Baba, wannan ai hawan bene ne." Maganar ta sosa mini rai, na ƙudura zan nuna masa dutse na gaske.

Yayana ya ba ni shawara uku game da Kufena: mu tafi da sassafe, mu nemi ɗan gari ya ja mu, mu riƙa duban gabas domin daga can hadari ke tasowa. Ban bi ko ɗaya ba. Hira ta riƙe mu a Zariya, ba mu isa gindin dutsen ta wajen Wusasa ba sai bayan azahar. Na hangi hanya biyu. Ɗaya ta kewaya tsakanin manyan duwatsu da ciyayi, ɗaya kuma ta miƙe a kan wani fā mai gangare. Na zaɓi miƙaƙƙiyar don ta fi kusa. Da farko muna tafe a tsaye, can sai hannu ya shiga aiki, muka koma rarrafe. Yaron yana ta murna, ni ma haka, kuma ko sau ɗaya ban waiwaya na duba yadda za mu sauko ba.

Ba mu kai sama ba iska ta sauya. Kafin mu yi shawara ruwa ya kece. Dala jan marmara ce mai kaushi, Kufena kuwa dutse ne mai sulɓi, kuma da ya jiƙe sai ya zama kamar an shafa masa sabulu. Inda muka hau cikin minti kaɗan ya gagare mu sauka. Ɗana ya manne da dutse, ya ƙi motsi, ya manta Hausa ya koma kirana da Faransanci. Tsoron da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, domin ni na kawo shi, kuma don in burge shi na kawo shi.

Wani yaro makiyayi ne ya hango mu daga inda ya fake da awakinsa. Ya ɗaga murya ya ce, "Malam, kada ku miƙe, ku zauna ku matso dama." Muka ja jiki a zaune har bakin wata tsaga inda ƙasa da saiwoyi suka ba ƙafa wurin kamawa. Ashe reshe ce ta waccan hanya mai kewaye da na raina. Muka taka ƙasa dab da magariba, gwiwoyinmu a kurje. Na yi masa godiya, ya ce ko awakinsa ba sa bin wancan fā in an yi ruwa.

Tun daga ranar, in zan zaɓi hanyar hawa, sauka nake fara tambaya. Ina duba wata da lokacin yini, ina auna hanyar da ƙarfin wanda ya fi rauni a cikinmu, ina kuma neman wanda ke bin ta kullum. Ban kai ɗana ƙololuwar Kufena ba, kuma har yanzu bashin yana kaina, sai in Allah ya kai mu wata Disamba, lokacin da dutse ke bushe.

Mun komo Glass, damina ta sauka a Oktoba. Wata safiya ina saukowa daga matakalar shago, ruwa ya jiƙa ta, sai na ji ya riƙo hannun rigata ya ce, "Baba, a hankali, da santsi." Ban koya masa wannan kalma a kan Dala ba.