Batirin da Na Sayar Lafiyarsa Ƙalau

A-kori-kurata fijo 504 ce, cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, inda kamfanin ya fara haɗa motoci tun 1975. Ta girmi 'ya'yana duka. Da ita nake ɗauko tumatir da tattasai daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar 'Yan Kaba a lokacin rani, kuma duk wanda ya taɓa harkar kayan gwari ya san ba sa jiran kowa. In ba ka shiga kasuwa da sanyin safiya ba, da rana sai ka sallama a yadda aka taya.

Ciwon ya fara mata ne a tsakiyar hunturu. In na murɗa makulli, inji zai juya da ƙyar, ya ja, ya tsaya, ya sake ja, amma ba zai kama ba. Tun kafin in buɗe bonet na yanke hukunci cewa batir ne. Kuma ina da hujja: sanyi yana rage wa batir ƙarfi, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Wannan gaskiya ce. Illarta ita ce da na same ta sai na daina neman wata.

Muka koma turi. Kullum da asuba sai na tara matasan unguwa, in sa giya ta biyu, su tura, in saki kuloci, ta tashi nan take. In ta tashi kuma, lafiya lau take tafiya har mu je mu dawo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mini cewa mai yana zuwa, fulogi yana ba da wuta, injin ba shi da laifi, matsalar tana tsakanin batir ne kawai da kik, wato na'urar da ke juya inji in an murɗa makulli. Har nan na fahimta. Amma a tunanina abu biyu ne kawai a wurin, batir da kik. Ban taɓa sa wayoyin da ke tsakaninsu cikin lissafi ba.

Yaron motata ɗan ƙanwata ne, bai kai shekara ashirin ba. Yana son sauraron ƙwallo, wani lokaci da dare yakan zauna a gidan gaba ya kunna rediyo. Da na rasa wanda zan ɗora wa laifin mutuwar batir, sai na ɗora masa. A gaban masu tura mota na yi masa faɗa, na ce shi yake shanye mini wuta da dare, na kuma ce zan cire kuɗin sabon batir daga abin da nake ba shi. Ya sunkuyar da kai, can ya ce:

"Kawu, ka yi haƙuri, amma na lura fitilar gaba ba ta dusashewa in kana murɗa makulli. Na ji an ce in batir ne, sai ta dusashe."

Na ce masa tun ba a haife shi ba nake tuƙi. Ya yi shiru.

Na je Ƙofar Ruwa na sayi sabon batir. Mai shagon ya tambaye ni ko an gwada tsohon, na ce ba sai an gwada ba. A ranar na sayar da tsohon wa masu sayen matattun batura, kuɗin darma kawai suka ba ni. Da na ɗaura sabon, motar ta tashi, duk da ba da kuzarin da na sa rai ba. Na kalli yaron, na ga kamar an tabbatar da maganata.

Ba a jima ba ciwon ya dawo. Tunda batir sabo ne, na ce to kik ne ya gaji. Na sayi wani na hannu aka ɗaura mini, babu abin da ya canja. Daga nan na shiga abin da kowane direba a ƙufule yake yi. Ina danne makulli ba sassauci har kik ya yi zafi, alhali bai kamata a wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 ba tare da an bar shi ya huce ba. Ina tsiyaya fetur a kafireto har fulogai suka jiƙe. Ina ƙwanƙwasa kan batir da dutse. Na kuma riƙa jin ƙaurin roba a duk lokacin da na matsa mata, totur ya fara yin tauri a ƙafata, na ce ai tsufa ne.

Ranar da abin ya kai maƙura, mun gama lodi a Kwanar Gafan, kwanduna har sama, ta ƙi tashi. Wurin yashi ne, motar da kaya, turi ya gagara. Rana ta fito, ta yi sama, ina kallon tumatir yana laushi. Wani direba ya kira mini mai gyaran wutar mota, wani dattijo da ya zo a kan babur da 'yar jakarsa. Kafin ya sauka na riga na karanta masa komai: batir sabo, kik an canja, ina ganin injin ne ya kama.

Bai musa mini ba. Ya fito da mita ya ɗora a kan batir, ta nuna bolt 12.4. Ya ce in kunna fitila in murɗa makulli. Na murɗa, inji ya ja da ƙyar, mita ba ta sauka ƙasa da 11 ba, fitila tana nan da haskenta. Ya ce, "Alhaji, batirinka yana da wuta. Ba a ɗibarta ne." Sannan ya bar tsinken mita ɗaya a kan batir ɓangaren baƙar waya, ya dafa ɗayan a jikin inji, ya ce in sake. Mita ta haura bolt 3. Ya ce a mota mai lafiya bai kamata wannan ya wuce 0.2 ko 0.3 ba.

Ya ɗauko wata kakkaurar waya daga jaka, ya maƙala baki ɗaya a wannan kan batir ɗin, ɗaya bakin a wani noti da ke jikin inji.

"Bismillah, murɗa."

Ban gama murɗawa ba inji ya juya da saurin da na manta tana da shi. Ta yi tari saboda fetur ɗin da na cika mata, ta kama.

Na daɗe a zaune, hannuna a kan sitiyari, ban fito ba. Ba murna ce ta fara zo mini ba. Abin da ya fara faɗo mini shi ne fitilar nan da ke haske lokacin da nake murɗa makulli, domin ita ce daidai maganar da yaron ya faɗa mini da ladabi a gaban jama'a, na take ta da shekarun tuƙi. Sai tsohon batirin ya biyo baya: ashe ban taɓa ganin shaidar mutuwarsa ba, ban sa masa mita ba, an tambaye ni ma na ce ba sai an gwada ba. Sai kik ɗin da na cire, wanda wataƙila ba abin da ya same shi sai wahalar da na ba shi. Na duba madubi na ga yaron a tsaye a bayan mota yana gyara igiyar kwanduna. Bai kalle ni ba, kuma na san ya ji duk abin da dattijon ya faɗa.

Da na fito, dattijon ya sa na durƙusa ya nuna mini. Wata saƙaƙƙiyar waya ce ta tagulla da ta taso daga jikin mota zuwa inji. Baƙin mai da ƙura sun lulluɓe ta, zaren cikinta sun yi kore, fiye da rabi sun tsinke, notin da ya riƙe ta ya yi tsatsa ya saki. Ya ce, "Ko madatsar Tiga ta cika ta batse, in magudana ta toshe, gonarka ba za ta ga ruwa ba."

Ga abin da ban sani ba duk tsawon shekarun nan. Wutar da ta fita daga batir dole ta koma batir. Tana zuwa kik ta jar waya, amma hanyar komawarta ita ce ƙarfen inji, daga nan ta bi wannan saƙaƙƙiyar waya zuwa jikin mota, sannan batir. Inji kuwa a kan robobi yake zaune don rage girgiza, roba ba ta wuce da wuta, saboda haka in wayar nan ta lalace hanya ta ƙuntata. Fitilun gaba biyu masu wat 55 ba sa jan fiye da amfiya 10, kuma ta jikin mota suke mayar da wutarsu, shi ya sa ba su san ana yi ba. Kik na inji mai silinda huɗu yana jan sama da amfiya 100. Wannan yawan wuta in ya tarar da 'yar tsatsa, sai wani kaso ya zama zafi a wurin, kik ya samu ragowa. Kwal ɗin da ke ba fulogi wuta shi ma ta jikin inji yake rufe hanyarsa, don haka a daidai lokacin da kik ke ja, tartsatsin fulogi yana raunana. Ga juyi a hankali, ga wuta mai rauni, ta ina za ta tashi? Da turi kuwa kik ba ya ja, shi ya sa take kamawa nan da nan. Cajin da injin ke mayarwa batir ma ta wannan waya yake bi, saboda haka sabon batirin ya taimaka na ɗan lokaci, sannan shi ma ya fara ja baya don ba ya cika.

Ƙaurin robar da nake ji kuwa, wutar ce da ta rasa hanya ta riƙa bi ta wayar totur, tana dafa rigarta. Dattijon ya ce mutane sun yi asarar mota ta haka, musamman da fetur a buɗe a bakin kafireto, irin wanda ni da kaina nake tsiyayawa.

Ya cire baƙar wayar batir tukuna kafin ya taɓa komai, ya kankare mazaunin noti har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaura sabuwar waya, ya shafa giris. Kuɗin wayar da ladansa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe a batir da kik ba. Tumatir kuwa mun isa da shi bayan azahar, na sayar da faɗuwa.

A hanyar dawowa na tsaya a gefen titi na ce wa yaron ya yafe mini, na mayar masa da kuɗin da na cire. Ya ce, "Ba komai, Kawu." Amma faɗan a gaban mutane na yi shi, don haka washegari da asuba na kira matasan da suka saba tura mana mota, na faɗa musu cewa ba rediyo ba ne, yaron ya faɗi gaskiya tun farko ni ne ban saurara ba. Da yamma na je gidan ƙanwata na maimaita mata, domin maganar ta riga ta kai kunnenta a yadda na fara faɗinta. Wayar totur ma sai da aka canja ta a makon, don ta narke daga ciki.