Ɗan akuya a tsakar gida, kare a bakin ƙofa

Dattijon ya yi aikin malamin dabbobi har ya yi ritaya, kuma abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya yanzu shi ne gidajen jikokinsa. Tayil tun daga zaure har uwar ɗaka, babu turke, babu akurki, ko mage ba a bari ta leƙo. Kullum sai an goge ƙasa da Dettol. Duk da haka yaran daga mura sai atishawa, ɗaya ma ba ya fita sai da abin shaƙa na fuka a aljihu.

"Mu da 'yan awaki muka yi rarrafe," in ji shi, "wa ya san fuka a gidanmu?"

Ba da ka yake magana ba, yana bin labarin binciken. A 1989 wani likitan Ingila, David Strachan, ya lura cewa yaran da suka tashi cikin yayye da yawa ba su cika fama da atishawar borin jiki ba. A 2016 aka gwada yaran Amish da na Hutterite a Amurka, dukansu manoma. Amish suna noma da dawaki, yaransu na shiga garke tun suna ƙanana; Hutterite kuwa da injina, dabbobinsu nesa da gida. Fuka ta kama kusan yaro 5 cikin 100 a Amish, 21 a Hutterite. Bayanin masana shi ne garkuwar jikin jariri tana koyon aikinta daga ƙwayoyin da ke cikin ƙurar dabbobi. In ba ta samu ba, sai ta riƙa faɗa da abin da bai kai ya kawo ba.

Sai dai da an ce a kawo wa yaran ɗan kwikwiyo, fuskarsa take canzawa. Nan yake komawa kan wani yaro da kare ya ciza a ƙauri a wani ƙauye da ya yi aiki. Ciwon bai fi yakushi ba, aka shafa toka aka manta. Bayan makonni yaron ya fara firgita in an miƙo masa moɗar ruwa, maƙogwaronsa na shaƙewa. Bai tashi ba, ashe haukan kare ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kashi 40 cikin 100 yara 'yan ƙasa da 15.

Shi ya sa yake yi wa samarin yanzu tatas: a sayi karen Turawa da kuɗin rago biyu don ɗaukar hoto, amma allurar rigakafi ta gagara, alhali ana yin ta a garin Vom. Ko mage ma, sai ya ce kada mai juna biyu ta kwashe kashinta, yana iya cutar da ɗan cikin.

Surukarsa ta tambaye shi, "To Baba, a kawo dabbar ne ko kada a kawo?" Ya ce akuya dai a kawo, tun yaro na goye, wanda fukar ta riga ta kama kuwa, sai abin da likita ya ce. Daga nan ya sake ɗauko zancen yaron ƙauyen. In kare ya yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a nufi asibiti ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen mahaukaci ne.