Ƙaramin Tanki a Gefe

Mai kiwon kifin teku a tankin gilashi yakan ajiye wani ƙaramin tanki a gefe, babu yashi, babu ado, sai guntun bututun roba da kifi zai laɓe a ciki. Nan kowane sabon kifi yake fara sauka, ya yi mako huɗu zuwa shida kafin a haɗa shi da sauran.

Jiran nan yana da wuya. Kifi yana iyo lafiya lau, yana cin abinci, amma dole ka danne zuciyarka. Dalili kuwa ƙwayar Cryptocaryon ce, mai sa fararen ɗigo kamar barbaɗin gishiri a jikin kifi. Bayan 'yan kwanaki ɗigon ya ɓace, ka ce an warke, ashe ƙwayar ce ta faɗa ƙasa tana hayayyafa, za ta dawo ɗari-ɗari.

Maganin jan ƙarfe yana kashe ta, sai dai yana kashe murjani da jatan lande ma, shi ya sa ba a zuba shi a babban tanki. In ta shiga can, sai a kwashe kifin kaf, masu kiwo da yawa sukan bar tankin kwana 76 babu kifi. A ganina, mako shida ya fi sauƙi.