Giyabos Mai Rai da Ake Jefarwa a Abijan

Abin da har yau na kasa sabawa da shi a garejojin da ke kewaye da tashar jiragen ruwa ta Abijan shi ne yadda ake sauke giyabos ɗin tirela a ajiye shi gefe ba tare da an buɗe shi ba. Mota ta ƙi karɓar giya a layin Vridi, fitila ta kama a gaban direba, sai a jawo ta gareji. Kafin la'asar an tura yaro Adjamé, wurin masu fasa motoci, ya nemo wani na hannu, irin wanda suke kira France au revoir, wato ɗan Beljam ɗinmu na gida. Kuɗinsa da miliyan ake lissafa shi a sefa. Tsohon kuwa yana nan a bayan gareji ruwan sama na dukansa, kuma na tabbata da yawa daga cikinsu babu haƙori ɗaya da ya karye a ciki. Kamar a yanka sa ne don yana mura.

A Ƙofar Ruwa ta Kano ba za a yi haka ba. Duk wanda ya tashi a garejin Kano ya san yadda ake baje giyabos a kan buhu, a wanke da kananzir, a bi shi ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifi. Idan na tuna wannan sai ƙirjina ya cika da alfahari da mutanenmu. Amma gaskiya ɗaya ce, mu a gida mun fi sabawa da giyar hannu, ta Howo da tsofaffin DAF da MAN, kuma idan giyabos mai sauya giya da kansa ya faɗo hannunmu, sau da yawa shawarar farko ita ce a cire shi a mayar da motar ta hannu. Wannan ma gajeriyar hanya ce.

Akwai dalilin da ya sa motoci masu sauya giya da kansu suke ƙara yawa a nan Abijan. A watan Disamba na 2017 gwamnatin Kodebuwa ta fitar da dokar taƙaita shekarun motocin hannu da ake shigowa da su, ta fara aiki a tsakiyar 2018, kuma babbar motar kaya ba za ta wuce shekara 10 ba. Tirelolin Turai na waɗannan shekaru kuwa galibinsu masu sauya giya da kansu ne. Volvo ta fito da I-Shift tun 2001, Renault tana amfani da ɗan'uwansa da sunan Optidriver, Mercedes Actros tana da PowerShift, DAF da MAN da Iveco sun daɗe suna ɗora AS Tronic na kamfanin ZF. Mai neman kan tirela mai lafiya daga Faransa ko Holan, da wuya ya kauce musu.

Abin da masu motoci ba su gane ba, wannan ba irin giyar ƙananan motoci ba ce mai aiki da matsin mai. Irin wancan akwai shi, na Allison, an fi ganinsa a motocin shara da na kashe gobara. Na tirela ƙarfen cikinsa kusan daidai yake da na hannu, da kulocinsa da komai. Bambancin kawai, ƙafar direba da hannunsa aka maye da kwamfuta da iska. A saman giyabos ɗin akwai kai mai ɗauke da na'urorin da ke jin gudu da matsayin giya, da ƙananan bawul masu sakin iska ta tura giyar ciki. Mafi yawan ciwon da nake gani a nan yana cikin kan ne, ko a wayoyin da ke zuwa gare shi, ko a na'urar da ke taka kuloci.

Wani Alhaji ɗan Maraɗi da ke da motoci a hanyar Wagadugu ya taɓa tambayata: "Malam, tsakaninka da Allah, shekara nawa abin nan yake yi?" Na ce masa: "Alhaji, ba da shekara ake auna shi ba." A Turai, inda titi yake sumul kuma kaya ba ya wuce ƙa'ida, ba abin mamaki ba ne giyabos ya kai kilomita miliyan ɗaya ba a taɓa cikinsa ba, sai dai a sauya kuloci a hanya. Motar da ta iso Abijan ta riga ta cinye kaso mai yawa na wannan rayuwa. Abin da ya rage yana iya kai mutum shekaru yana hawa da sauka tsakanin Abijan da Bouaké da Ferkessédougou har iyakar Burkina ko Mali, yana kuma iya ƙarewa cikin damina ɗaya. Ya danganta da iska da mai da wuta da halin direba.

Iska ce kan gaba. Garin nan yana zaune a bakin teku da tafkin Ébrié, iskarsa jiƙe take rani da damina, ba kamar ta Kano ba da hunturu ke busar da komai. Kwamfaresa na zuƙar wannan laima, idan matatar da ke busar da iska ta gaji, ruwa da mai su bi bututu su shiga bawul ɗin kan giyabos, robobi su kumbura, giya ta fara maƙalewa. A sauya matatar nan duk shekara, gara ma kafin ruwan Mayu da Yuni. Yaron mota ya riƙa jan zoben ƙasan tankin iska da safe, idan ya ga ruwa na fita ya faɗa wa maigidansa ranar. Kuɗin matatar bai kai komai ba idan aka kwatanta da abin da ake kai wa Adjamé.

Sai batir. Batir biyu ne ke ba da wutar volt 24, idan ɗaya ya raunana ko kan waya ya yi tsatsa saboda gishirin teku, kwamfutar za ta riƙa kawo laifuffukan da babu su. Na sha ganin an yanke wa giyabos hukunci alhali wayar ƙasa ce ta saki. Kada kuma a yi walda a jikin mota ba a cire batir ba, kada a tayar da ita da turi.

Mai kuwa, a zuba wanda kamfani ya rubuta, a sauya matatarsa tare da shi idan yana da ita. Baƙin man inji ko man giya mai kauri na buhun taya ba nasa ba ne. Tazarar sauya mai da aka rubuta don titin Turai a rage ta sosai. Idan mota ta ratsa ambaliya, a duba man a ranar, in ya koma kamar madara a zubar.

Layin tasha shi ne makashin kuloci. Daga Oktoba, lokacin da kakar koko ta buɗe, tireloli kan jeru a titin Vridi da bakin ƙofofin tasha, ana matsawa taku biyu a tsaya. Direba mai ɗan taɓa totur yana jan mota a hankali yana ƙona kuloci ne, ko da babu feda a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya bari fili ya buɗe sannan ya matsa gaba ɗaya, idan tsayuwa ta yi tsawo ya mayar da ita firi ya ja birki. A kan gangara kada ya riƙe mota da totur. Lodi fiye da ƙima shi ma haka, ga dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 a kan nauyin kaya, amma kowa ya san abin da ake ɗorawa. Idan kuma za a ja mota, a kwance farfela tukuna, domin famfon man ciki ba ya juyawa in inji a kashe yake, kuma tazarar Vridi zuwa Treichville ta isa ta cinye boris. Wannan ne yake kashe ƙarfen gaske, shi ne kuma na ga ana yi da ganganci don a rage wahalar rabin awa.

Duk da fushina, akwai abin da nake ƙyashin mutanen Abijan a kai. Akwai samari a nan masu yawo da kwamfutar duba mota, su jona su karanta lambar laifi, su saita sabon kuloci yadda giya za ta shiga ba gargada. Direban mota mai sauya giya da kanta kuma yakan iso Wagadugu, bayan fiye da kilomita 1,000, gwiwarsa ta hagu lafiya lau. Da yaranmu na gida sun haɗa haƙurin buɗe ƙarfe da wannan ilimi, da babu mai kama ƙafarsu a yankin nan. Abin haushin shi ne, ko a nan ɗin, sau da yawa ba a kiran mai kwamfuta sai bayan an sayo wani giyabos an ɗora, ya ƙi aiki saboda ruwan nan yana nan a cikin tankin iska.

Wanda dole ta sa shi sayen na hannu, ya kwafi lambar da ke jikin farantin tsohon ya tafi da ita, domin kamanni ba ya nufin kwamfutar mota za ta karɓe shi. Ya sa a kwance magudanar mai a gabansa ya duba maganaɗisun, ƙura baƙa ba laifi, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ya bar musu kayansu. Tsohon nasa kuma kada ya bar wa gareji a matsayin ƙarfen kilo. Ya toshe ramukansa, ya rufe shi da leda, ya ajiye inda ruwa ba ya taɓawa, har a samu mai buɗe kan ya duba.