Makonni Uku Kafin Wuƙar Likita

A cikin dukan maganganun da likita kan faɗa wa majinyaci, da wuya a sami wadda ta kai "sai an yi aiki" nauyi a kunnen mutumin ƙasar nan. Abin mamaki kuwa, Bahaushe ba baƙon aska ba ne. Tun yana jariri wanzami ya cire masa beli, da ya tasa aka yi masa kaciya, in jini ya dame shi ya tafi a yi masa ƙaho. Amma duk waɗannan idonsa biyu ake yin su, a zauren gidansu, wanzamin kuwa ya san shi ya san ubansa. Tiyata fa? A sa mutum barcin da ba shi ya kira ba, a rufe ƙofa, waɗansu masu rufaffun fuskoki su kewaye shi, danginsa suna waje ba su da ta cewa.

Wata malamar makarantar firamare a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ta ɗanɗani wannan zulumi har makonni uku. Shekarunta 46, 'ya'yanta biyar, ta kuwa yi shekara tara tana ɓoye maƙoƙo a ƙarƙashin mayafi. Ya fara kamar goro, ya zama kamar ƙwallon mangwaro. Ciwo ne sananne a tsakiyar ƙasar nan, mata ya fi kamawa, kuma ƙarancin sinadarin aidin a abinci yana cikin manyan dalilansa. Shi ya sa tun 1993 gwamnati ta wajabta zuba wannan sinadari a gishirin da ake sayarwa. Malama ta sha rubutu, ta sha jiƙe-jiƙe, ta shafa abin shafawa. Sai da haɗiyar tuwo ta zama aiki, in ta kwanta rigingine ta ji kamar an shaƙe ta, sa'an nan ta yarda ta ga likita.

A da, lokacin da Lafiya ke cikin Jihar Filato, kafin a ƙirƙiro Nasarawa a 1996, irin wannan babban aiki yawanci sai an dangana da Jos. Daga baya mutanen Doma da Obi da Awe da Keana suka koma tururuwa zuwa babban asibitin kan hanyar Shendam, wanda jama'a suka saba kira da sunan Ɗalhatu Araf. Tafiya ta ragu, fargaba kuwa tana nan inda take.

Da labari ya bazu a unguwa, sai 'yan dubiya suka cika gida. A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci: da yawa daga masu zuwa gai da wanda za a yi wa tiyata, da sun zauna a gidajensu da sun fi taimakonsa. Wannan ta ce ƙanwar kishiyarta haka aka shiga da ita ba ta fito ba. Waccan ta ce ai an ce likitoci kan manta almakashi a cikin mutum. Wadda ta fi su hankali ta ce, "Ba komai, Malama, kada ki sa wa ranki damuwa," ta shuri takalmanta ta tafi. Duk wanda ya taɓa kwana da fargaba ya san "ba komai" ba ta taɓa sa kowa barci ba.

Abu biyu ne suka tsaya mata a rai. Na fari, kada a sa ta barci ta zarce. Na biyu, muryarta, domin ta ji an ce aikin maƙoƙo kan tafi da murya, ita kuwa da murya take cin abinci, shekara ashirin da ɗoriya tana tsawata wa yara a aji. Ga kuma wurin da za a sa wuƙar: wuya, daidai inda ake sa wa ragon layya. Ba ta gaya wa kowa ba, har maigidanta. Tana jin kunyar a ce babbar mace, mai koyar da 'ya'yan mutane, ba ta da tawakkali. Wannan kuwa kuskure ne da ya yi yawa a cikin jama'a, domin tsoro halitta ne. Jiki ne kan ji haɗari ya saki sinadarin da ke sa zuciya dukan uku-uku, baki ya bushe, barci ya ƙaura, jini ya hau, mai sallar dare da wanda ba ya yi duk haka jikinsu yake.

Hawan jinin ne ma ya tona ta. Saura kwana goma ta koma awo, sai likitan allurar barci, wani matashi da bai wuce sa'ar ƙaninta ba, ya dubi abin awon ya dube ta, ya jawo kujera ya zauna.

"Mama, kwana nawa rabonki da barci?"

Ta ce lafiya lau take barci.

Ya ce, "Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In jinin nan bai sauka ba, tilas mu ɗaga ranar. Me ya fi ba ki tsoro?"

Ta yi shiru, can ta ce, "Likita, in kun sa ni barcin nan, wa zai tashe ni?"

Ya ce shi ne zai tashe ta, kuma ba shi da wani aiki a ɗakin sai wannan. Likitan fiɗa yana can yana aikinsa, shi kuwa yana tsaye a kanta daga farko har ƙarshe, idonsa a kan na'urar da ke nuna bugun zuciyarta da numfashinta da yawan iskar da ke cikin jininta. Maganin ba zuba shi ake yi sau ɗaya a bar mutum da halinsa ba. Kaɗan-kaɗan ake ba shi muddin ana aiki, in an gama a tsayar, jiki ya fitar da shi, mutum ya farka. Batun murya kuwa bai ɓoye mata ba. Ya ce akwai jijiya siririya a kowane gefen maƙogwaro wadda ke motsa murya, likitan fiɗa kan nemo ta ya kauce mata. Dushewar murya ta 'yan kwanaki ko makonni tana faruwa. Lalacewa ta dindindin kuwa, kamar mutum ɗaya ko biyu ne cikin ɗari. Ya tambaye ta duk abin da take sha, har na gargajiya, ya ce ta dakatar da jiƙe-jiƙen. Ya gaya mata za ta farka da ciwon maƙogwaro saboda bututun numfashi, kada ta ɗauka wani abu ne ya ɓaci.

Zancen bai wuce minti ashirin ba, amma a daren nan ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba, alhali kuwa bai yi mata alkawarin komai ba. Masana sun daɗe da gane wannan. A 1964 wani likitan allurar barci mai suna Lawrence Egbert da abokan aikinsa, a birnin Boston na Amurka, suka bi majinyata 97 da aka yi wa aikin ciki. Waɗanda aka zauna aka yi wa bayanin irin zafin da za su ji da yadda za su yi da shi, rabin maganin kashe zafi da sauran suka sha ya ishe su, kuma sun riga su komawa gida da kusan kwana uku. Shi aikin maƙoƙon ma, a tsakiyar ƙarni na 19 kusan huɗu cikin goma na waɗanda aka yi wa mutuwa suke yi, har wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Theodor Kocher, ya gyara hanyar yinsa, mace-macen suka koma ƙasa da ɗaya cikin ɗari, aka ba shi kyautar Nobel a 1909. Tsoron da kakanni suka gadar yana da asali, sai dai zamaninsa ya wuce.

Mai karatu ya kuma sani, bayanin da aka yi wa Malama ba alfarma ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin asibiti ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da haɗarin kowace, cikin harshen da yake ji. Matambayi ba ya ɓata.

Kwanakin da suka rage ta cika su da hidima. Ƙannenta biyu da wani tsohon ɗalibinta mai sayar da doya suka je aka ɗebi jininsu aka ajiye. 'Yan adashinsu suka yarda ta yi kwasar wannan wata. Sa'an nan ta ɗauki littafin rubutu irin na yara ta rubuta wanda take bi da wanda ke bin ta, har kuɗin manja da na ɗinki. Maigidan da ya gani ransa ya ɓaci, ya ce, "Haba Malama, kira wa kanki mutuwa kike yi?" Ta ce, "Malam, ai wasiyya ba ta kashe mutum. So nake in shiga ba kaya a kaina." Bai ƙara magana ba, amma bayan sallar isha'i ya zo ya zauna bakin gado, suka yi hirar da suka daɗe ba su yi irinta ba.

Abin da ta fi yi wa tanadi shi ne mai jinya, kuma a nan ta yi dabara. Jama'a kan tara duk tsoronsu a ƙofar ɗakin tiyata, da an fito da mutum da rai sai a yi hamdala a watse. Wani babban bincike da aka buga a 2018, wanda ya bi majinyata sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, ya nuna kimanin biyu cikin ɗari ne suka rasu, kuma fiye da tara cikin goma na waɗannan ba a ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. Saboda haka ba tsohuwa aka ajiye mata ba, wadda za ta yi ta gyangyaɗi da carbi a hannu. Babbar 'yarta ta zaɓa, aka koya wa yarinyar abin da za ta sa wa ido: in wuya ya fara kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko leɓɓa da yatsu suka fara tsitstsira, ta ruga ta kira nas ko da tsakar dare ne, kada ta ji nauyin kowa.

Daren jajibere tsoro ya dawo, kamar yadda likita ya ce zai dawo. An hana ta abinci tun tsakar dare. Ta zauna a kan gadon asibiti tana jan numfashi a hankali ta hanci, tana sakinsa a hankali fiye da yadda ta ja, tana tasbihi da yatsu. Matar gadon kusa da ita, wata Kirista 'yar Eggon da aka yi wa aiki kwana huɗu da suka wuce, ta miƙo hannu ta ce, "'Yar'uwa, ni ma haka na kwana. Da suka sa mini allura ana ce mini in ƙirga, ban kai biyar ba." Suka yi dariya ƙasa-ƙasa don kada su ta da masu barci.

An shiga da ita ƙarfe tara na safe, aka fito da ita bayan azahar. Da ta buɗe ido ta nemi ta kira sunan 'yarta, sai wata 'yar murya ta fito kamar ta mai mura, amma dai ta fito. Kwana huɗu aka sallame ta, da ƙwayar da za ta riƙa sha kowace safiya har iyakar rayuwarta, tun da an cire maƙoƙon gaba ɗaya. Muryar ta yi kusan wata guda tana dushe. Da ta koma makaranta sai ta sayi 'yar ƙararrawa tana kaɗawa in yara sun cika surutu, har yanzu kuwa tana kan teburinta, ko da yake 'yan aji uku sun shaida ba ta bukatarta.